Jemagu Biyar a Kwanon Inna

A ɗakin mahaifiyata, can ƙauyenmu na bakin Komadugu cikin ƙasar Shetimari, akwai wani kwano da ba a cin tuwo a cikinsa, ba a kuma aiken yaro da shi. Kwanon tangaran ne fari mai zane shuɗi, girmansa bai wuce a tallabe shi da tafin hannu biyu ba. Mazauninsa can ƙololuwar jere, bisa kwanonin samira da tasoshi, inda hannun yaro ba ya kaiwa ko da ya taka turmi. A sanina, dalili uku kaɗai ke sa a sauko da shi: in mace ta daɗe bisa gwiwa za a ba ta rubutu, in ciwo ya kwantar da wani a gidan, sai kuma ranar da za a kai ɗiya ɗakin miji, a ba ta ruwa ta kurɓa kafin ta fita. Da an gama, Inna za ta wanke shi da hannunta, ta goge da gefen zanenta, ta ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Sai ya yi wani siririn amo mai daɗewa, irin wanda tukunyar ƙasa ko kwanon ƙarfe ba su yi. In ta ji amon, ta san lafiyarsa lau, sai ta mayar da shi wurinsa.

Kakana, mahaifin Inna, wanda aka sa mini sunansa, shi ya zo da shi daga hajji. Ya tashi a 1948 Inna tana goye, ya bi hanyar ƙasa da mutanen Borno da na ƙasar Hausa suka saba bi: Yarwa, Fort-Lamy wadda ake kira Injamena yau, Abeshe, Alfashir, har Kogin Nilu. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Jazira ta Sudan domin ya tara kuɗin jirgi, sa'an nan ya ƙetare Bahar Maliya. Bai dawo ba sai 1955, ya tarar ɗiyar da ya bari a goye ta isa ɗaukar tulu. Tsarabarsa ba ta taka kara ta karya ba: tasbaha, ɗan ruwan zamzam, da wannan kwano da ya saya hannun wani mai tsofaffin kaya a Jidda, ya naɗe shi cikin rawani, ya ratso da shi duk wannan tafiya ko gefensa bai ɓalle ba.

Ga abin da ke jikinsa. A ciki, daga tsakiya, akwai da'ira, cikinta wani zane mai layuka a tsaye da a gicciye, damansa da hagunsa daidai wa daida. Kewaye da da'irar akwai wasu halittu biyar masu buɗaɗɗun fukafukai, kowace ta fuskanci tsakiya. Daga baki kuma wani layi ne mai lanƙwasa ya zagaye kwanon. Inna ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta iya karatun kwanonta tsaf. Da'irar nan, in ji ta, hatimi ne. Masu fukafukan nan tsattsewa ne, irin waɗanda Alhaji ya ce ya gani suna shawagi bisa Harami, sun kuma zama biyar saboda salloli biyar. Layin baki kuwa igiyar ruwan Maliya ce da ya ƙetare. Haka ta karanta mana, haka muka haddace, ba wanda ya taɓa tambayar ko maƙerin kwanon ya san da wannan fassara.

Mai karatu ya san matsayin jere a ɗakin mace, ko Bahausa ko Babarbariya. Kakanninmu da ƙorai masu zane da fayafayi suka yi shi. Daga baya tasoshin tagulla suka shigo, sa'an nan kwanonin ƙarfe masu fenti da furanni, waɗanda da yawansu ma daga ƙasar Sin aka riƙa kawo su, har aka zo zamanin kabet mai gilashi. Jere ba kayan girki ba ne kawai: shaida ce ta gatan da mace ta zo da shi, asusu ne kuma da take iya taɓawa ranar wuya. Maginan ƙasar Hausa su ma sun san darajar faranti. A tsofaffin soraye na Kano da Zariya akan manna shi a tsakiyar ɗaurin guga, inda bakunan rufi suka haɗu, na kuma ga irin haka da idona a wani soro na unguwar Birni a Damagaram. Saboda haka zaman kwanon Sin a bisa jeren Inna ba baƙon abu ba ne. Abin da ya zame mini baƙo daga baya shi ne tarihin da ke bayansa.

Ƙofar wannan tarihi ta buɗe mini ne ta hanyar Faransanci, sa'ad da nake karatu a Yamai. Ina bin asalin kalmomi sai na ci karo da sunan da Faransawa ke kiran tangaran, na tarar daga Italiyanci ya zo, asalinsa kuma sunan wuri ne, wato ɗiyan kuɗin nan na teku da aka yi ciniki da su a kasuwannin ƙasar Hausa har farkon ƙarni na 20. Turawan da suka fara ganin tangaran sun rasa abin da za su kwatanta santsinsa da ƙyallinsa da shi, sai bayan wuri. Daga nan na bi sawu. Na karanta labarin wasiƙu biyu da wani limamin Kirista Bafaranshe, François-Xavier d'Entrecolles, ya rubuto a 1712 da 1722 game da Jingdezhen, birnin da ya shahara da wannan sana'a. Ya bayyana yadda ake haɗa wata farar ƙasa, wadda sunanta na Turai ya samo asali daga tudun Gaoling da ke kusa da birnin, da garin wani dutse da aka daka. Ana zana adon da wani ma'adini mai suna kobalt bisa ɗanyen kwano, a lulluɓe da ruwan ƙyalli, a gasa a wutar da ta kai wajen digiri 1,300. Kafin gashi zanen baƙi-baƙi yake, wuta ce ke fito da shuɗinsa, kamar yadda zane ke fitowa daga rijiyar marina kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi. Da yake adon yana ƙarƙashin ƙyallin, wanki ba ya goge shi, shekaru ba su sa ya koɗe. Turawa ba su gano sirrin yin irinsa ba sai a farkon ƙarni na 18, aka buɗe ma'aikatar Meissen ta Jamus a 1710.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hannun Musulmi a cikin al'amarin tun daga tushe. Tangaran fari mai shuɗi ya bunƙasa ne a ƙarni na 14, zamanin daular Yuan, kobalt ɗin da aka yi aiki da shi a lokacin kuwa daga Farisa fatake ke kawo shi. A zamanin daular Ming, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, har Sinawa suna kiran wani irinsa da sunan da ke nufin shuɗin Musulmi. An riƙa yin manyan farantai masu faɗin santimita 40 ko fiye saboda kasuwannin Farisa da ƙasashen Larabawa, inda ake taruwa a ci a akushi ɗaya kamar yadda muke yi. A zamanin sarki Zhengde, farkon ƙarni na 16, an yi kayan fada masu rubutun Larabci da na Farisanci. Ibn Battuta, wanda ya yabi tangaran ɗin Sin ya ce ana kai shi har ƙasarsu ta Magrib, shi ne dai ya sauka Takadda, cikin ƙasarmu ta yau, a 1353, ya kuma ambaci Borno. A gaɓar Afirka ta Gabas, garuruwa irin su Kilwa da Gedi da Mambrui sun manna kwanonin Sin a jikin masallatai da kaburbura, kamar dai farantan sorayenmu. Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin fiye da guda 1,000 ga hubbaren Ardabil a 1611. Fadar Topkapi ta Istanbul, birnin da jakadun Mai Idris Alauma na Borno suka je a shekarun 1570, tana adana fiye da guda 10,000. Ashe kwanon da Alhaji ya tsinta a Jidda, tsohuwar hanya ya biyo.

Duk wannan karatu bai gaya mini abin da aka zana a kwanonmu ba. Amsar ta zo ne har gida. Tun da aka fara haƙar man Agadem, aka kuma buɗe matatar Damagaram a 2011, Sinawa suka zama ba baƙin ido ba a Difa. A 2012 wani saurayi Basine mai aikin tafinta ya riƙa zuwa wurina da maraice ina gyara masa Faransanci. Wata rana na nuna masa hoton kwanon a salula. Yana gani sai ya yi dariya, ya ce kakarsa tana da irinsa a madafa. Ya ce ba kayan fada ba ne, kwanon talakawa ne, mai yiwuwa na ƙarni na 19, irin waɗanda aka riƙa yi dubbai ana lodawa a jirage. Sa'an nan ya sa yatsa bisa hatimin Inna ya ce harafi ne na rubutunsu da aka lanƙwasa ya zama ado, ana karanta shi shou, ma'anarsa tsawon rai. Na ce tsuntsayen fa? Ya ce ba tsuntsaye ba ne, jemagu ne.

Ya bayyana mini cewa adon Sinawa magana ce da ake ji da ido. Harshensu, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, yana kuma cike da kalmomi masu lafazi ɗaya ma'ana daban. Mu malaman Hausa mun san wannan: wuya na jiki da wuya ta sha, kuka na ido da kuka ta miya, baba mahaifi da baba na rini. To, a Sinanci sunan jemage fu ne, sa'a da albarka ma fu ne. Wanda ya zana jemage, albarka ya rubuta. Kifi yu ne, rara da yalwa ma yu ne, don haka kifi a faranti fata ne na rumbu kada ya ƙare. Har ma kwanan jemage kai ƙasa, abin da mu muke yi masa gori da shi, su alheri suka gani a ciki, domin kalmar juyewa da kalmar isowa lafazinsu ɗaya: jemage a juye yana nufin albarka ta iso.

Ba duka adon ke tafiya bisa wasa da lafazi ba, wani bisa halin abin yake tafiya. Furen da ya yi kama da badon tafkunanmu alama ce ta tsarki, domin daga taɓo yake fitowa amma taɓon ba ya ɓata shi. Rumman, saboda yawan ƙwayoyinsa, fatan zuriya ne. Agwagin ruwa biyu, mace da namiji, zaman aure ne na amana. Wani tsuntsu dangin gauraka yana nufin tsufa da daraja. Gora da wasu itatuwa biyu da ke jure hunturu ana kiransu aminai uku na lokacin sanyi, wato mutanen da wuya ba ta canja su. Shi kuwa macijin almarar nan mai ƙafafu, in aka yi masa farata biyar, na sarki ne da fadarsa a zamanin Ming da Qing, talaka bai isa ya ci abinci a kansa ba. Wato kwano yana iya faɗin matsayin mai shi, kamar yadda alkyabba da rawani mai kunne biyu ke yi a wurinmu.

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Da hutu ya zo na isa ƙauye da ɗokin mai sabon ilimi, ko ruwa ban gama sha ba na ce, "Inna, kin san abin da ke kwanon Alhaji? Ba tsattsewa ba ne, jemagu ne." Ta dube ni ta ce, "Babana, jemage ka ce? Mai kwana ƙafa sama, wanda tsuntsaye suka ƙi, ɓeraye suka ƙi? A kwanon da na sha zamzam?" Na fara kame-kamen bayani a kan lafazi da sa'a, amma ta riga ta tashi. Da dare na ga ta kifar da kwanon a bisa jere. Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya kama ɗan ƙanwata, aka karɓo rubutu, sai na ga Inna ta ɗauko ƙoƙo ta ba shi a ciki. Shekara hamsin da bakwai kwanon yana aikinsa a gidanmu, ni da karatuna na sallame shi cikin magana guda. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma rabin gaskiya ce, na kuma zaɓi rabin da zai nuna na fi ta sani.

Da na koma Difa na sake zama da ɗalibin nawa, na ce ya gaya mini dalilin biyar ɗin, don me ba huɗu ba, ba shida ba. Ya ce jemagu biyar kewaye da harafin tsawon rai sanannen ado ne a wurinsu, suna tsaye ne a madadin albarkatu biyar da aka lissafa a wani tsohon littafinsu mai suna Shujing. Na rubuta su a takarda, na koma ƙauye a ƙarshen mako. Wannan karon na bari sai da aka yi sallar lisha, ta zauna bisa tabarma, sa'an nan na ce ina da sauran magana a kan kwano. Ba ta ce mini kome ba. Na ce jemage na farko tsawon rai ne, hatimin tsakiya ma abin da yake cewa ke nan, tamkar a ce ranki ya daɗe. Na biyu wadata. Na uku lafiya da kwanciyar hankali. Na huɗu son halin kirki. Na biyar kuwa mutum ya cika kwanakinsa, ya mutu da tsufa a kan shimfiɗarsa.

Tana ji tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Da na kai na biyar sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ai addu'ar ranar suna ce, da wadda ake yi wa tsoho. Kyakkyawan ƙarshe ke nan." Ta miƙe ta ɗauko kwanon, ta kai shi kusa da fitila ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wanda ya zana, da jemage ya iya roƙo. Ni da tsattsewa na iya. Su jemagu ne a garinsu, amma a ɗakina tsattsewa ne." Ta ƙwanƙwasa bakinsa, ta mayar da shi bisa jere, bakinsa sama.

Na daɗe ina juya wannan magana tata, na kuma gane ta fi ni fahimtar yadda alama ke rayuwa. D'Entrecolles ya ce kwano ɗaya kan bi ta hannun ma'aikata har saba'in: wani layin baki kaɗai yake ja, wani furanni, wani tsuntsaye. Mai yiwuwa wanda ya zana jemagunmu ya zana ɗaruruwa a yinin, hankalinsa na kan abincin dare. Jirgin ruwan nan Tek Sing da ya nutse a 1822, da aka gano shi a 1999 an tsamo tangaran wajen 350,000 daga cikinsa, galibinsu kwanonin yau da kullum ne. Ma'anar da maƙeri ya sa ta gado ce, wadda mai kwano ya sa kuwa da rayuwarsa ya saye ta. Ba Inna kaɗai ta yi haka ba. Farantan nan masu hoton gada da itace mai rassa a zube da tsuntsaye biyu, waɗanda ake gani a kabet ɗin amare, a Ingila aka ƙirƙiro zanensu wajen 1790, Ingilishi ne kuma suka ƙaga masa labarin masoya biyu suka jingina wa Sinawa. Bambancin kawai, su don ciniki suka yi, ita kuwa don ta ajiye tafiyar mahaifinta a inda za ta riƙa ganinta.

Sai fitina ta zo. A watan Nuwamba na 2014 mutanen Damasak suka ƙetaro kogi suka cika Gagamari da Shetimari. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Difa. Noman tattasai da cinikin banda, waɗanda su ne ƙashin bayan kwarin Komadugu, suka tsaya, ƙauyukan bakin ruwa suka riƙa watsewa, mutane suka koma bakin kwalta suna kafa bukkokin zana da leda. Ranar da namu ƙauyen ya tashi, Inna ta bar samira da tasoshi da gadon ƙarfenta. Ta tura kwanon cikin ƙwaryar gero, ta ɗaure da zane, ta ɗora a ka. Da na same ta a bakin hanya, abin da ta fara nuna mini ke nan. Ya tsira, sai dai wata tsaga siririya kamar silin gashi ta sauko daga baki zuwa fiffiken jemage ɗaya. Ta ƙwanƙwasa, amon ya mutu. Ta ce, "Ya yi rauni, amma bai zubar da ruwa."

A wannan shekarar gidana na Difa ya ɗauki mutum goma sha tara, albashin malami kuwa an san iyakarsa. Wani mai sayen kayan da, irin masu bin mutanen da wuya ta kama, ya ji labarin kwanon ya zo ya taya jikka arba'in. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Na san cewa a 2005 an sayar da wani tulun zamanin Yuan a Landan fam miliyan 15 da ɗoriya, na kuma san namu ba ya cikin wannan sahu: ba shi da tambarin sarki a gindi, ko da yana da shi ma ba hujja ba ce, domin maƙeran baya sun sha rubuta sunayen sarakunan da suka shuɗe. Jikka arba'in buhunan gero ne a lokacin da muke auna tiya. Na kai wa Inna maganar a hankali. Ta cire ƴan kunnenta na azurfa da munduwa ta miƙo mini, ta ce, "Sai da waɗannan. Biyu sun tafi, Babana: wadata ta tafi, kwanciyar hankali ta tafi, lafiya ga ta nan dai. Ka bar mini kwanon in riƙa ganin sauran biyun da na ƙarshe." Ban sake tayar da zancen ba.

Abin da ya sa na kawo wannan labari gaban malamai ƴan'uwana da ƙungiyoyinmu na al'adu shi ne tambayar da ta biyo baya. Wani yaro ɗan shekara ashirin da ƴan kai, mai aikin tafinta a kamfanin mai, ya dubi hoton kwanon da aka yi tun kafin a haifi kakarsa, ya karanta shi nan take. Ni fa? In aka miƙo mini ƙwaryar da kakata ta zo da ita, zan iya faɗin sunan zane ɗaya a jikinta? Na san aska takwas da aska biyu da tambari a gaban riga, amma ban san dalilin sunayen ba sai abin da ido ya nuna. Na san dagi a bangon soro da kan hula. Da na ga wani ƙulli marar farko marar ƙarshe a cikin alamomi takwas na alheri da Sinawa ke zanawa, kamarsu ta ba ni mamaki, sa'an nan na lura na fi sanin fassarar nasu a kan namu. Kitson matan Barebari, zanen tabarmin kaba, adon tulunan Mirya, aikin fata na dukawa, kowannensu yana da sunaye, sunayen kuma suna bakin tsofaffi. Fitinar da ta tashi ƙauyukanmu ba gidaje kaɗai ta watsa ba, ta raba tsofaffin nan da kayan da suke nunawa in za su yi bayani.

Tun 2017 nake ba ɗalibaina wani aiki sau ɗaya a shekara. Kowa ya nemi abu ɗaya mai ado a gidansu, ya zana shi a kaye, ya tambayi wanda ya fi kowa tsufa sunan zanen da abin da yake nufi, ya rubuta amsar da harshen da aka ba shi ita, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, sa'an nan ya fassara da Faransanci. Sharaɗi ɗaya na gindaya musu, wanda na koya da tsada: kada wanda ya gyara wa tsohuwa. In littafi ya faɗi wani abu daban, a rubuta shi a gefe, a bar nata a inda yake. Wata yarinya ta kawo sunaye bakwai na zanen faifai daga bakin kakarta. Wani yaro ya dawo ya ce ba su fito da kome ba sai tabarma, na ce tabarmar ma ta isa. Aiki ne da ba ya bukatar kuɗi, kaye da biro da ladabin zama gaban manya sun wadatar. Da kowace kwaleji tsakanin Maine-Sorowa da Gigime za ta yi shi, ƙungiyoyi kuma su tattara su adana, da cikin shekaru kaɗan mun sami ƙamus na adonmu da ba mu da shi yau.

Inna ba ta koma bakin kogi ba. Ta rasu a gidana a 2022, da damina, tana da shekara saba'in da biyar, a kan shimfiɗarta, ƴaƴa da jikoki kewaye da ita. Ruwan ƙarshe da ta kurɓa a kwanon Alhaji ƙanwata ta ba ta. Da aka zo rabon abin da ta bari, ba wanda ya yi musu cewa kwanon na mata ne, yanzu yana bisa kabet ɗin ƙanwar tawa. Kwanan baya ƙaramar ɗiyata ta sa aka sauko mata da shi, ta ƙirga masu fukafukan da yatsa, ta ce, "Baba, waɗannan mene ne?" Na zaunar da ita na ce labarin biyu ne, za ta kuma ji duka, amma na Inna za mu fara. Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu biyar ɗin nan, ya sa ta ƙarshe ta fi kyau.